Tashin zuciya a ƙarƙashin ruwa bayan sauya rigar nutso: daga ina matsalar take?

Tambaya: Likita, ina zaune a Ingila. Na koyi nutso da silindar iska a Bahar Maliya, can Masar, da jiƙaƙƙiyar riga, wato rigar roba wadda ruwa ke shiga cikinta, kuma ban taɓa samun matsala ba. Bana na shiga wata ƙungiyar masu nutso a nan, saboda sanyi na sayi busasshiyar riga wadda ruwa ba ya ratsa ta. Tun da na fara sa ta, da na yi minti goma ko sha biyar a zurfin mita 18 zuwa 20 sai zuciyata ta fara tashi, wani lokaci har da kakarin amai. In na fito kuma kaina ya yi ta sarawa har yamma. A tafki muke shiga, babu igiyar ruwa, kuma iskar yau da kullum ce a silindata. Shekarata 44. Rigar ce, ko jikina ne?

Amsa: Malam, sannu, Allah ya sawwaƙe. Bayaninka ya yi amfani, domin ka kawo abubuwan da likitan masu nutso ke fara tambaya: lokacin da abin ke tasowa, irin ruwan da kake shiga, da abin da ke biyo baya in ka fito.

Iskar da kake hura wa rigar ba ita kake shaƙa ba, don haka ta wannan fuskar rigar ba ta da laifi. Sai dai ranar da mutum ya ajiye jiƙaƙƙiyar riga ya sa busasshiya, abubuwa da yawa ne suka sauya masa a lokaci guda. Roba ta kama wuyansa. An ƙara masa dalmar da ke taimaka masa nutsewa a ƙugu. Ya jibga kayan ɗumi masu kauri a ciki, ya rufe kansa da hular roba. Ya baro Bahar Maliya, inda ruwa ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 22 da 28 kuma ana hango ƙasa tun daga cikin jirgi, ya faɗa tafkin da yake sauka zuwa digiri 5 ko 6 da hunturu, ruwan dushi-dushi, da ƙyar yake ganin takalman abokinsa. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya tayar da zuciya shi kaɗai. A naka, zargina na farko shi ne iskar kabon dayoksaid tana taruwa a jininka, na biyu robar wuya ta matse ka, kuma sau da yawa tare suke tafiya.

Kafin mu kai gare su, akwai wanda dole a fara cirewa daga lissafi saboda shi yana kisa: gurɓatacciyar iska a silinda. Ciwon kai da tashin zuciya su ne alamomin farko na kabon monoksaid, iskar nan da ke cikin hayaƙin janareta wadda muke jin ta hallaka iyali guda a ɗaki cikin dare. Tana shiga silinda idan bakin zuƙar kwamfuresa, wato injin da ke cika silinda, yana kusa da salansar inji ko ta mota, ko kwamfuresa ta yi zafi fiye da kima har man cikinta ya ƙone, ko an daɗe ba a sauya filta ba. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ƙa'idar Turai ta EN 12021 ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan a iskar shaƙa ba. A mita 20 matsin ruwa ya ninka na sarari sau uku, don haka duk abin da ke cikin silinda ninki uku kake zuƙarsa a kowane numfashi. Abin tsoron kuma shi ne mutum yakan fi jin jiki a lokacin hawowa, sa'ad da matsin oksijin ɗin da ke tallafe da shi a ƙasa ya fara raguwa.

Gane wannan ba shi da wuya. Tambayi waɗanda kuke cika silinda wuri ɗaya ko su ma suna fitowa da ciwon kai. Ka buɗe bawul kaɗan ka shinshina, in ka ji warin mai ko hayaƙi ka ajiye silindar. Ka kara farin hankici a bakin bawul ka saki iska, ka ga ko zai yi tabo. Rashin wari dai ba shaida ba ce, shi ya sa ake sayar da 'yar na'urar auna kabon monoksaid wadda ke shiga aljihu. Mafi sauƙi, ka cika silindarka a wani wurin daban ka gwada. In kai kaɗai ne ke fama a ƙungiyar, kuma sauya wurin ciko bai sauya komai ba, to mun wuce wannan.

Yanzu ga babban abin zargina. Mutane da yawa suna ɗauka ƙarancin oksijin ne ke sa a ji yunwar numfashi. A'a, taruwar kabon dayoksaid ce. Jiki yana samar da ita a duk motsi, huhu yana fitar da ita a duk numfashi, kuma in fitarwar ta gaza samarwar sai ta taru. Alamominta su ne haki, jin kamar regileta, wato na'urar da kake shaƙar iska da ita a baki, ba ta ba ka isasshiyar iska, fargaba marar dalili, tashin zuciya, da wani irin ciwon kai mai sara wanda ke ƙaruwa bayan an fito, ya kwashe sa'o'i, kuma farasitamol ba ya yi masa wani abin kirki. Ka duba wannan jerin ka duba wasiƙarka. Har minti goma zuwa sha biyar ɗin da ka ambata ya dace, domin abin a hankali yake taruwa, ba ya kama mutum daga shiga ruwa.

Iska tana ƙara kauri da zurfi. A sarari lita ɗaya ba ta wuce giram 1.3 ba, a mita 20 ta kusa giram 4, kuma zuƙarta ta tiyo da regileta kamar zuƙar kunu mai kauri ne ta siririn bututu. Gavin Anthony da Simon Mitchell, a wani aiki da aka wallafa a 2016, sun ba da shawarar kada kaurin iskar shaƙa ya wuce giram 5.2 a lita, iyaka ta ƙarshe kuma 6.2, domin daga nan taruwar kabon dayoksaid takan yi tsalle. Da iskar yau da kullum, 5.2 yana faɗowa ne a wajen mita 30. Ka ga kai ba ka kai can ba, kuma a Masar ka yi mita 20 lafiya lau. Ke nan zurfin shi kaɗai bai isa ya bayyana matsalarka ba, akwai abin da ya ƙaru.

Abin da ya ƙaru na san shi sarai, domin kusan duk sabon mai busasshiyar riga yana yin sa. An tsorata shi da labarin wanda iska ta taru masa a ƙafafu ya yi sama a kife, sai ya riƙa ƙyashin danna maɓallin hura iska. Yana sauka, iskar cikin rigar tana matsewa, rigar tana shanye shi har ta kama ƙirji da ciki tamau, kuma yana haƙuri da hakan a zatonsa haka rigar take. Ƙirjin da aka ɗaure ba ya buɗewa sosai, numfashi sai ya koma gajere-gajere. In ka cire rigarka ka ga jajayen layuka ko tabon tsotsa a kafaɗu, hammata ko bayan gwiwa, to wannan ne. Sannan ga dalma. Busasshiyar riga tana buƙatar dalma fiye da jiƙaƙƙiya, amma sabon shiga yakan ƙara fiye da buƙata don ya samu nutsewa da wuri, sai ya wuni yana harba ƙafa a tsaye-tsaye don kada ya faɗi ƙasa. Rigar kuma tana da faɗi, tana jan ruwa. Aiki ya ƙaru, numfashi ya ragu.

Sai na ukunsu, wanda mutane ba sa son amsawa. Sabon mai busasshiyar riga yana shan iska da sauri fiye da da, sai ya zama shi ne ke fara nuna wa abokinsa geji cewa tasa ta kusa ƙarewa. Kunya ta kama shi. Sai ya fara dabara: ya zuƙa, ya riƙe, ya ƙirga, sannan ya saki. Silindar za ta ɗan ƙara jimawa, amma kabon dayoksaid tana ta taruwa a jininsa. In kana yin wannan, ko da ba da gangan ba, ka bari daga yau. Numfashin nutso a hankali ake yinsa, mai zurfi, kuma fitarwar ta fi zuƙar tsawo, babu riƙewa a tsakani.

Ka duba regileta ma. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan maɓallin da ake murɗawa don ƙara ko rage sauƙin zuƙa, da 'yar liba mai alamar ƙari da ragi. A ruwan sanyi mutane sukan mayar da su can ƙasa don gudun kada regileta ta daskare ta riƙa feso iska, sai su manta su buɗe in sun sauka. Ka tabbata taka an yi ta ne don ruwan da ke ƙasa da digiri 10, ka kai ta a yi mata sabis, kuma ka buɗe bawul ɗin silinda har ƙarshe. In kana zuƙa kana ganin allurar geji tana faɗuwa tana dawowa, bawul ɗin bai gama buɗewa ba. Duk sa'ad da haki ya kama ka a ƙasa, ka tsaya cak, ka riƙe wani abu, ka yi wa abokinka alama, ka saki dogon numfashi sau da yawa, sannan ku ɗan yi sama a hankali. Ci gaba da iyo da nufin zai wuce shi ne hanyar da ake bi a kai ga firgici.

Robar wuya kuma labarinta daban. A kowane gefen wuya, ƙasa da muƙamuƙi kaɗan, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana rabuwa biyu, kuma a daidai marabar akwai wasu 'yan jijiyoyi masu auna matsin jini. In an danna wurin daga waje, sai su kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ƙarya cewa jini ya hau, ita kuma ta umarci zuciya ta rage gudu. Bugun zuciya ya ragu, matsin jini ya sauka, mutum ya ji jiri da tashin zuciya da zufa mai sanyi, in abin ya yi tsanani ya suma. Suma a mita 20 ba sai na faɗa maka ma'anarta ba. Wannan saurin amsawar yakan ƙaru da shekaru, musamman a maza. A ganina dai an fi yawan ambatonsa fiye da yadda yake faruwa. Abin da na fi gani shi ne robar ta matse jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, waɗanda suka fi laushi kuma suna kusa da fata, sai fuska ta kumbura, idanu su yi ja, kai ya yi nauyi. Ko kuma ta hau kan maƙogwaro ta riƙa taɓo wurin da ke tayar da kakari. Kakarin aman da ka ambata ya sa na ƙi sakin wannan zargin.

Sabuwar robar lateks daga kamfani ƙarama take zuwa da gangan, domin a yanke ta daidai wuyan mai ita. In ka juya ta za ka ga layuka zagaye-zagaye a jikinta. Mutane da yawa suna sayen riga su shiga ruwa ba tare da an taɓa layin ko ɗaya ba. Gwajin a gida ake yinsa: ka sa rigar da hular, ka zauna a kujera minti goma sha biyar zuwa ashirin, wani yana kusa da kai. Ka ɗaga kai sama kamar yadda kake yi in kana kwance a ruwa kana kallon gaba, domin a wannan yanayin robar ta fi cizo. Ka juya hagu da dama, ka haɗiyi yawu, ka yi magana. In muryarka ta shaƙe, ko jijiyoyin goshinka suka fito raɗa-raɗa, ko kana jin bugun jini a kunnuwa, ko ka ji kana neman sa yatsa ka ja robar, ta yi maka kaɗan. Roba mai kyau tana kwanciya a fata babu lanƙwasa, ƙasa da zakaran wuya, kana jin ta amma ba ta dame ka ba.

Gyaran yana son haƙuri. A fara da ɗaura ta a kan silinda ko wani kwano mai santsi ta kwana, ta ɗan saki. In bai isa ba, a yanke layi ɗaya tak da almakashi mai kaifi sosai, a gwada, kafin a ƙara wani. Abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma ɗan tsagi kamar ƙwayar gero a bakin robar ya isa ya yage ta gaba ɗaya ranar da kake sa kai. In hannunka bai saba ba, ka kai wa masu gyaran riga. Robar niyofirin ba a cika yanke ta ba, miƙa ta ake yi, kuma lanƙwasa bakinta ake yi ciki in an sa. Ta silikon ta fi laushi, wasu da lateks ke shaƙewa sukan samu sauƙi da ita. Ka kula da hular ma: in tana da dogon wuya kana cusa shi kan robar, ka ninka matsin ke nan.

Tunda an zo kan hula, bari mu shiga kunne, domin can cikinsa ne ma'aunin daidaiton jiki yake, kuma duk abin da ya rikita shi amai yake kawowa. Robert Bárány, likitan kunne na Biyana wanda ya samu kyautar Nobel ta 1914, shi ya bayyana yadda ruwa mai sanyi ko mai ɗumi a kunne ɗaya ke sa hajijiya. Har yau ana wannan gwajin a asibiti da ruwa mai digiri 30 da mai digiri 44, wato tazarar digiri 7 kacal daga zafin jiki, kuma hakan ya isa ya sa ɗaki ya juya wa mutum. To ina ga ruwan tafki mai digiri 6? Muddin ya shiga kunnuwan biyu lokaci guda, babu matsala. Amma in hula ta manne a gefe ɗaya ta bar ɗayan, ko dattin kunne ya toshe ɗaya, sai sanyin ya isa kunne guda kawai, duniya ta fara juyawa. Yakan lafa cikin ɗan lokaci da zarar ruwan ya ɗumama. Hular da ta manne ƙam kuma tana iya tsare iska a wajen dodon kunne ta ja shi waje in ana sauka. Maganin duka biyun ɗaya ne: da ka shiga ruwa ka ja gefen hular ka bar ruwa ya cika kunnuwan biyu.

Akwai kuma hajijiyar da Claes Lundgren na Suwidin ya bayyana a 1965, wadda ke zuwa idan kunne ɗaya ya saki iska kafin ɗayan, galibi lokacin hawowa, kuma mura da toshewar hanci suna ƙara ta, abin da ba ya ƙaranci a hunturun Ingila. In ta zo, ka tsaya, ka ɗan koma ƙasa mita ɗaya, za ta sake ka. Bambancin waɗannan da naka shi ne hajijiya ce ke fara zuwa, farat ɗaya, sannan tashin zuciya ya biyo. Kai ba ka ambaci juyawa ba. In akwai ta ka manta ba ka faɗa ba, to lissafin ya sauya, kunne ya koma sahun gaba.

Kada kuma rashin igiyar ruwa ya sa ka cire ciwon jirgi gaba ɗaya. Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji. A tsakiyar ruwa mai duhu, babu ƙasa babu sama, ƙura tana yawo a gaban gilashinka, ga iska tana gudu daga kafaɗa zuwa ƙafa tana karkata ka, ƙwaƙwalwa tana iya rikicewa ko babu jirgi. Ka kafa ido a kan abu ɗaya tsayayye, igiya ko agogon nutsonka.

Ciki ma yana da nasa. Sabon mai busasshiyar riga yakan yi iyo ƙafafu sama kai ƙasa, kuma a haka ruwan tsamin ciki yake gangarowa maƙogwaro, balle in bel ɗin dalma mai nauyi ya ɗaure tumbi. Mai fama da ƙwannafi a sarari zai fi jinsa a ruwa. In kana toshe hanci kana hura kunne don daidaita matsi alhali kanka yana ƙasa, wata iskar ciki take wucewa, kuma wadda aka haɗiya a mita 20 tana ninka girmanta sau uku kafin a iso sama. Wannan tashin zuciyar a hawowa yake zuwa, da kumburin ciki, gyatsa kuma tana sauke shi. A rage maiƙo da yaji da lemon kwalba kafin shiga ruwa, a ci abu marar nauyi sa'a biyu kafin nan, a mayar da dalmar kan ɗamara mai rataye a kafaɗu. Regileta mai yoyo ma tana fesa ruwa a maƙogwaro, don haka ka duba robar bakin ko ta tsage, ko ta yi maka tsawo tana taɓo ganda.

Wani abin da ake raina shi: zafi da ƙishirwa kafin a shiga. Mutum ya sa kayan ɗumi, ya ja zif, ya ɗauki silinda da dalma ya taka daga wurin ajiye motoci, ya tsaya jiran bayani, zufa tana kwarara a cikin rigar da ba ta numfashi. Kuma tun safe ya ƙi shan ruwa don tsoron fitsari, tunda a busasshiyar riga babu yadda za a yi. Shiga ruwa, musamman mai sanyi, yana ƙara sa ƙoda aiki. Sai mutum ya shiga a bushe ya fito ya fi bushewa, ciwon kai ya samu ƙarin dalili. Ka sha ruwa, ka bar zif a buɗe har sai an kusa shiga, in nutsonka yana tsawo a sa wa rigar bawul ɗin fitsari.

Gubar oksijin ba ta shafe ka ba a mita 20 da iskar yau da kullum. Amma ranar da ka koma naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, ka riƙe cewa tashin zuciya yana cikin alamominta, tare da ƙarar kunne, raguwar gani da motsin leɓe, kuma farfaɗiya tana iya zuwa babu sallama. Mai kashi 32 na oksijin iyakarsa mita 33, kuma sanyi da taruwar kabon dayoksaid suna matso da haɗarin kusa.

In amai ya zo maka a ƙasa, kada ka cire regileta. Bayan kowane yunƙuri jiki yana zuƙar numfashi da kansa ba tare da shawararka ba, in bakinka a buɗe yake ruwa za ka zuƙa. Ka riƙe ta da hannu, ka yi aman a cikinta, zai fita ta inda kumfa ke fita. Ka danna maɓallin wanke ta, ka zuƙa a hankali harshenka yana tare gaba, in ta toshe ka koma regiletarka ta biyu. Daga nan nutso ya ƙare, ku hau a hankali kai da abokinka, hannunka ɗaya yana kula da bawul ɗin sakin iskar rigar.

Shekarunka 44 ne suka sa ba zan rufe ba sai na taɓo zuciya. Ruwan sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, ya tura jini ƙirji, ya ɗaga matsin jini, kuma hawan jini ya yi yawa a cikinmu, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Tashin zuciya tare da nauyin ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko bugun zuciya marar tsari, maganar asibiti ce nan take. Haka tari a cikin ruwa, da numfashi mai ƙara, da kaki mai kumfa ko mai ruwan hoda: wannan ruwa ne ya taru a huhu, abin da ke kama masu nutso a ruwan sanyi, musamman masu hawan jini, kuma yana iya maimaituwa.

Sannan duk tashin zuciyar da ya fara bayan an fito, tare da hajijiya, tangaɗi, raguwar ji ko ƙara a kunne ɗaya, kasala mai nauyi, ko mutuwar wani sashen jiki, a ɗauke shi a matsayin kumfar iskar naitirojin a jini ko fashewar wani abu a can cikin kunne har sai likita ya ce ba haka ba ne. A kwantar da mutum, a ba shi tsantsar oksijin, a kira 999, in a teku ne a nemi masu gadin gaɓa. Kada ya koma ruwa, kada ya hau jirgin sama, kada ya yi ta hura kunne. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tana da layin gaggawa dare da rana, ka sa lambar a wayarka tun yanzu.

Ga yadda zan so ka bi abin. Ka dakatar da mita 20 tukuna. Ka yi gwajin kujera, ka gyara robar wuya in ta nuna. Ka nemi malamin nutso ya auna maka dalma da silindar da ta kusa ƙarewa, a wurin da bai wuce mita 5 ko 6 ba, ya kalli yadda kake hura wa rigar iska da yadda kumfarka ke fita. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane shiga, in ka sauya uku tare ka warke ba za ka san wanne ne ba, ranar da ya dawo kuma ka koma farko. Ka rubuta a allon hannunka minti nawa abin ya fara, a wane zurfi, kana sauka ko hawa ko iyo, kanka yana sama ko ƙasa.

Magungunan hana amai irin su Stugeron da filastar bayan kunne suna da amfani ga mai ciwon jirgi, bayan ya gwada su a sarari ya ga ba sa sa shi barci. A naka ban yarda da su ba yanzu, domin za su rufe alamar su bar sanadin. In ka gyara wuya da dalma da numfashi abin bai bari ba, ko ka taɓa jin kamar za ka suma ko da sau ɗaya ne, ka daina shiga ruwa har sai likitan masu nutso ya gan ka. Kwamitin likitocin nutso na Birtaniya, UKDMC, yana da jerin sunayensu a shafinsa na intanet, ƙungiyarku ma za ta san na kusa. Zai auna jininka, ya ɗauki hoton bugun zuciya, ya leƙa kunnuwa. Ka tafi da rigar da hular, ka sa su a gabansa, ya auna bugun zuciyarka robar tana wuyanka.